Kawu Bai Leƙa Ba

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu tattara mu koma. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya riga mu tafiya a wata Talata cikin tsananin zafin Riyad, shekarar da aka fara barin mata su tuƙa mota. Bayan la'asar aka yi masa salla tare da wasu mamatan da ba mu san ko su wane ne ba, aka kai shi, aka rufe, aka kafa ɗan dutse ta kai da ɗan dutse ta ƙafa, ba suna ba lamba, yadda ake yi a nan. Na ga yadda ake manta baƙo a garin nan: a soke iƙamarsa, wato takardar zamansa, a ba wani ɗakinsa, shi ke nan. Shi ya sa na ɗauki biro, ni direban da rabonsa da dogon rubutu tun sakandare.

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a falonsa da ke unguwar Malaz. Direbobi da leburori sun zo daga unguwar Batha, ɗaliban ilimi sun zo da fararen jallabiyoyinsu, Larabawan jami'ar da yake koyarwa su ma sun zo sun yi mana "Azzamallahu ajrakum", sun sha gahawa sun tafi. Kowa ya yi masa kyakkyawar shaida. Inda aka samu matsala shi ne da aka zo faɗin aikinsa. Wani dattijo mai gadi ya rantse likitan ido ne, domin ya taɓa ji daga bakinsa cewa aikinsa abin da ido ba ya gani. Wani mai aikin gini ya ce a'a, haƙar ma'adinai yake yi, ai duk shekara sai ya je Turai ya shiga rami. Wani direba ɗan Maraɗi ya rage murya ya ce shi dai abin da ya ji, Turawa ne suka ɗauke shi yana kamo musu aljanu da na'ura. Sai duk suka juyo suka zuba mini ido, tunda ni ne ɗan 'yar'uwarsa, ni nake kai shi filin jirgi shekara da shekaru. Na sunkuyar da kai na ci gaba da zuba gahawa, domin wallahi amsar da ke bakina ba ta fi tasu ƙwari ba.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne ƙanin marigayiyar matarsa, ɗalibin hadisi, mutumin da bai taɓa zama da Kawu suka tashi lafiya ba. Duk Juma'a bayan an ci shinkafar kabsa sai ya tayar da zancen cewa binciken gaibu ake yi, kuma gaibu na Allah ne. Kawu kan bar shi ya gama, ya suɗe yatsunsa, sannan ya ce abin da yake nema halitta ce kamar yashi da ruwa, illa dai haske ba ya kama ta. In Allah Ya so a gan ta a gani, in bai so ba a haƙura. Ɗalibin ya ce to me ya kai shi? Kawu ya ce a miƙo masa yaji. Haka suka shekara shida.

Amma gaisuwar da ta tsaya mini a rai ba a falon aka yi ta ba. Da muka dawo daga maƙabarta na kira Inna a gida Gumel. Ita ce yayarsa, ita ta goya shi. Ta yi salati, ta yi masa addu'a, ta tambayi ko an samu jama'a. Na jira ta faɗi kalmar da kowa ke faɗa wa mamaci, ba ta faɗa ba. Na ce, "Inna, a yafe masa." 

"Ba ya ce akwai akwatin da za su buɗe ba?" in ji ta. "To in an buɗe ka kira ni. Ina so in ji abin da ya fi uwarmu."

Sai na koma baya kafin a gane wannan magana. Shekara takwas kafin rasuwarsa kakarmu ta kwanta ciwon ajali, tana ta kiran sunan autanta. Shi kuwa yana Turai, wurin wata babbar na'ura da aka binne a ƙarƙashin ƙasa, kuma makon nan aikin tsaronta ya faɗo a kansa. Ya ce a ba shi kwana shida. A rana ta biyar kaka ta cika. Ya iso ana sadakar uku, Inna ta tare shi a zaure ta tambaye shi me ya tsaya nema, kuma ya samu? Kawu, da yake bai iya gyara magana ba, ya ce bai samu ba tukuna. Tun daga ranar ba ta sake kiran sunansa ba. In ya kira gaisuwar Salla takan ce, "Mai nema, an samu?" Shi kuma ya ce, "Yaya, ba a buɗe ba tukuna." Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

Ni kaina na yi ta ƙoƙarin gane abin da yake nema. Bayanin da ya fi zauna mini shi ne wanda ya yi wata rana muna hanyar filin jirgi, muka tarar da motoci biyu sun yi taho-mu-gama a wata mahaɗa, 'yan murur, wato 'yan sandan hanya, na ta auna wurin. Ya ce in duba da kyau. A can Turai, in ji shi, akwai rami mai zagaye da mota za ta yi kusan rabin awa kafin ta kewaye shi, a ciki ake sako wasu ƙwayoyi da suka fi zarra ƙanƙanta, a sa su yi karo da gangan. Sai a tattara duk tarkacen da ya watse a lissafa. Ya ce in an tsince gilashi da ƙarfe da taya na motocin nan aka ɗora a ma'auni, aka tarar nauyin bai kai na mota biyu ba, me zan ce? Na ce wani ya yi gaba da batir. Ya yi dariya har da tari, ya ce to su ɓarawon batir ɗin suke nema, wani abu da ke fita daga wurin karon ba ya barin sawu. Ya ce mafi yawan nauyin da ke riƙe da taurari ba a ganinsa, kuma mai yiwuwa ba abu guda ba ne, dangi ne guda da harkokinsu a cikin duhu, suna ratsa mu muna ratsa su ba gaisuwa. Na ce wannan ai shi ne aljanun da ake faɗa. Ya ce in kula da hanya.

Akwatin kuwa ba na katako ba ne. Wani ɓangare ne na abin da na'urar ta tara, daidai wurin da ake sa ran abin zai bayyana in yana nan, sai su kulle shi a kwamfuta su haramta wa kansu dubawa har sai sun gama shirya yadda za su tace. Wannan ne ya fi ɗaure mini kai. Kana da abu a hannu, shekara da shekaru kana nemansa, ka ce ba za ka duba ba? Kawu ya ce zuciya mayaudariya ce. Mai son ya samu, in ya leƙa ya ga ɗan wani abu, zai yi ta gyara ramukan rariyarsa har ta tsayar masa da abin da yake so, kuma ya rantse da Alƙur'ani gaskiya ya yi. Don haka a gama saƙa rariya tukuna, kowa ya sa hannu, a faɗi abin da za a kira samu da abin da za a kira rashi, sannan a zuba.

Wannan ɗabi'a ba a ofis ya bar ta ba, har gida yake zuwa mana da ita, kuma tana da ban haushi. In ka kawo masa ƙarar wani, kafin ya kira mutumin sai ya tambaye ka me za ka yi in ta tabbata kai ne ba ka da gaskiya. In za a buɗe sakamakon asibiti, sai ya dafa takardar ya ce a fara shawara. Ko kankana zai saya sai ya faɗi abin da zai yi da ita in ta fito fara.

Ni ma ta taɓa faɗowa a kaina. Shekarata ta biyu a Riyad, kafilina, maigidan da nake wa tuƙi, ya wayi gari ya ga an karce ƙofar motarsa tun daga madubi har baya. Ya ce ni ne, ya ce khalas, magana ta ƙare, zai kai ni a buga mini takardar fita daga ƙasar. Na kira Kawu. Ya zo da tsohuwar jakarsa a hammata, muka tafi ɗakin mai gadi inda ake ajiye hoton kyamara. Ina jira ya ce ɗan 'yar'uwata ba ya ƙarya, sai na ji ya ce wa mai gadin kada ya kunna tukuna. Ya dubi kafilin ya ce su yi magana uku. In an ga ni ne, a kore ni, shi da kansa zai kai ni filin jirgi. Na ji kamar in shaƙe Kawu. In an ga wani ne, a ba ni haƙuri a gaban mai gadi. In kuma ba a ga komai ba fa? Kafilin ya ɗaga kafaɗa, domin ya tabbata za a gani, ya ce in ba a ga komai ba magana ta mutu. Kawu ya sa ya maimaita, suka yi musabaha. Aka kunna. Ashe iska ta juya kyamarar tun makon jiya, babu abin da ta ɗauka sai bango da wata kyanwa. Kafilin ya dubi hannun da ya bayar, ya ce in je in wanke motar. A gidan nake har yau. A hanyar komawa na ce wa Kawu ranar na bi ta wani lungu a Shumaisi, kuma kamar na ji wani ƙara, amma ban tabbata ba. Ya ce shi ma bai tabbata ba, kuma an riga an rufe magana.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi, mako biyu kacal. 'Yarsa, taubashiyata, ita ke jinyarsa. A Riyad aka haife ta, Larabci a bakinta kamar ruwa, Hausarta kuwa in ta fara sai na ce ta bari kada ta ji wa kanta ciwo, ita kuma ta ce ni baƙauye ne mai tuƙi da ƙafa biyu. Ita ta gaya mini cewa Kawu yana cikin 'yan kaɗan da ke da ikon buɗe akwatin, kuma saura wata guda a buɗe. Kwamfutarsa na nan a gefen gado. Da likita ya gama yi mata bayanin da ba ta so ji ba, ta dawo ta ɗora masa ita a cinya.

"Baba, shuf bas," ta ce. "Duba kawai. Ba mai sani. Wallahi ba zan faɗa wa kowa ba."

Ya daɗe yana kallon kwamfutar. Ta ce ta ga yatsunsa sun motsa. Sannan ya rufe murfin ya ce, "Ni zan sani. Kuma aikin ba nawa ba ne ni kaɗai." Ya ce ta kira masa Yaya. Suka kira, wayar Inna na wurin caji a kasuwa. Washegari ba ya iya magana.

Na rasa yadda zan ɗauki wannan. Wani lokaci in ce tsoron Allah ne, wani lokaci in ce taurin kai ne irin na gidanmu, wanda Inna ma ta ɗebi rabonta. Abin da na sani shi ne na ji haushinsa, ina kuka ina jin haushinsa.

Bayan wata guda abokan aikinsa suka aiko wa 'yarsa cewa ranar Alhamis za a buɗe, kuma suna so iyalinsa su kalla ta bidiyo don girmama shi. Tun daga nan barci ya ƙaurace mini. In an samu, to, ina da abin kai wa Inna. In ba a samu ba fa? Na yi shawara da ɗalibin hadisi ko in ce mata an samu kawai, tunda ba ta da hanyar bincikawa. Na zaci zai yi mini wa'azi. Sai ya shafa gemu ya ce malamai sun yi sauƙi a kan maganar da za ta sulhunta mutum biyu, amma bai sani ba ko sauƙin ya kai inda ɗayansu ya riga ya mutu, zai duba. Bai dawo mini da amsa ba. Wannan ne karo na farko da na ji ya ce bai sani ba.

Ranar Laraba da hantsi, ina zaune a mota ina jiran matar kafilina ta fito daga kanti, na tsinci kaina ina yin abin da na tsana. Na kira Inna na ce gobe za a buɗe. Na ce ina roƙonta ta yanke tun yau: in an samu me za ta ce, in ba a samu ba me za ta ce, kada ta jira sai ta ji. Ta ce ashe ciwon nasa ana ɗauka. Ta ce ita ba kafilina ba ce da za a yi mata wayon kyamara, ta kashe wayarta.

Alhamis bayan azahar muka taru a falon Kawu, ni da 'yarsa da mijinta da ɗalibin hadisi. Kayansa duk an ɗaure a kwali, saura tebur da kwamfuta. Fuskoki suka cika allon, Turawa da Indiyawa da 'yan Sin, wata dattijuwa mai furfura tana jagora. Suka fara da yin shiru na minti ɗaya dominsa. Ɗalibin ya yi gunaguni cewa wannan ba tsarinmu ba ne, sannan ya cika mintin da addu'a. Aka nuna wani zane: layi ya gangaro daga hagu, ɗige-ɗige baƙaƙe na bin sa, sai can dama wani fili fari fat ba ɗigo ko ɗaya. 'Yarsa ta ce wannan filin shi ne akwatin. In ɗigon da za su fito sun hau saman layi, an samu. In sun kwanta a kansa, babu.

Suka yi ta magana kusan awa guda, kowa na tabbatar da cewa ya yarda da rariyar.  Daga ƙarshe dattijuwar ta ce wani abu, wani ya danna, ɗigon suka fito. Ko ni da ban yi karatu ba na gani. Sun kwanta a kan layin ɗaya bayan ɗaya, kamar an jera su da hannu.

"Mafi shai," in ji taubashiyata, a hankali. "Babu komai."

Sai mutanen nan suka fara tafi. Na dubi ɗalibin, ya dube ni. Na ce ko dai ba ta fahimci zanen ba ne? Ta ce ta fahimta. Dattijuwar tana share ido tana bayani, 'yarsa na juya mana rabi da Hausa rabi da Larabci: wai yanzu an san abin ba ya cikin wannan yanki gaba ɗaya, ba wanda zai sake ɓata shekarunsa a nan, kuma an yarda da hakan ne saboda rariyar da Kawu ya saƙa ba ta da zargi, ba wanda ya leƙa. Za su matsa gaba su nemi wani wurin. Na tambaya ko wani wurin yana da yawa. Aka ce yana da yawa ƙwarai. Na fita baranda na tsaya ina kallon motoci, na rasa ko gaisuwar murna ake yi wa mutum a irin wannan ko ta haƙuri.

Sai da na yi la'asar na iya kiran Gumel. Ƙaryar tana bakina a shirye, na ma tsara yadda zan faɗe ta. Da na ji muryarta sai na kasa.

"Inna, an buɗe. Babu komai a ciki."

"Babu?"

"Babu."

Ta tambaya ko ya san tun farko ana iya tarar da babu. Na ce ya sani, ya ma fi sa ran hakan. Na gaya mata abin da ya faru a asibiti, da kwamfutar a cinyarsa, da yadda ya rufe, da kiran da ya sa aka yi mata wayarta na wurin caji. Ban taɓa gaya mata wannan ba, don ina tsoron ya zame mata nauyi.  Ta ce tun yana ƙarami, in kaka ta rufe tuwon malam, mahaifinsu, da faifai ta fita, duk sai sun ɗaga sun gani, shi kaɗai zai zauna gefe yana haɗiyar yawu.

Na ce, "To Inna, yanzu fa?"

"Yanzu me? Ai an wuce wurin. Jiya da ka ishe ni na kashe waya, na ɗauki mayafina na tafi gidan liman. Na ce ya zama shaida, shi da matarsa, na yafe wa autan uwata duniya da lahira, ko a samu ko kada a samu. Na ce su riƙe ranar da lokacin, kada wani ya zo ya ce don na ji sakamako ne." Sannan ta kira sunansa, sunan da na shekara takwas ban ji a bakinta ba, ta ce Allah Ya haskaka masa inda yake kwance.

Na zauna a kan ɗaya daga cikin kwalayen na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Tana jina, ba ta hana ni ba. Da na lafa sai ta ce, "Kai, tsakaninka da Allah, ka gane abin da yake nema ɗin?"

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "Ni ma. Amma dai bai leƙa ba."

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo inda babu abin da ke ɓoye. Ka yafe masa kwana shidan nan kamar yadda yayarsa ta yafe, Ka haɗa shi da uwarsa, kuma in babu laifi, Ka nuna masa abin.